Gidan Chamberlain a Birmingham da Soron Kakana a Kano

A kudancin birnin Birmingham na Ingila, tsakanin unguwar Moseley da ta Kings Heath, akwai wani katafaren gida na jan bulo da ake kira Highbury. Na yi shekaru ina kai yarana lambun da ke gangarensa ranar Lahadi, ina hango rufinsa mai tsini da dogayen bututun hayaƙinsa ta tsakanin itatuwa, amma ban taɓa damuwa da in san mai shi ba, domin tsofaffin gidaje a ƙasar nan sun fi a ƙirga. Sai ranar da wani abokin aikina ya aurar da 'yarsa, ya kama gidan domin walima, sannan ƙafata ta taka cikinsa. Babban zauren da aka zaunar da mu tsayinsa ya kai hawa biyu, an kewaye samansa da baranda ta katako, haske yana saukowa daga rufi, kuma duk inda ido ya sauka sai ya tarar da sassaƙar ganye da fure, a jikin katako ko a jikin dutse, an yi su da irin haƙurin da masu ɗinkin babbar riga suke yin aska takwas. Ina cikin kallo na tsaya gaban wani rubutu da ke bayanin mai gidan: Joseph Chamberlain, sakataren harkokin ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya daga 1895 zuwa 1903. Duk Bakanon da ya zauna a aji ya san abin da 1903 take nufi. Na koma kujerata da farantin shinkafa a hannu, na kasa ci da daɗin rai.

Mutumin nan ba ɗan sarauta ba ne. An haife shi a Landan a 1836, ya zo Birmingham yana saurayi ya shiga masana'antar danginsa ta ƙera kusoshi masu murɗi, ya tara dukiyar da ta ishe shi har ya bar kasuwanci a 1874 yana ɗan shekara 38, ya rungumi siyasa. Ya yi magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, kuma a cikin wannan ɗan taƙin ya karɓe harkar ruwan sha da ta iskar gas daga hannun kamfanoni ya mai da su na hukumar gari, ya sa aka rushe wasu lungunan talakawa aka shimfiɗa titin Corporation. Bayan ya zama ɗan majalisa ne ya sayi fili a bayan gari, ya ba wani mai tsara gine-gine, John Henry Chamberlain, wanda suna kawai ya haɗa su ba jini ba, aikin gina masa gida a 1878, ya tare a 1880, ya raɗa masa sunan unguwar da ya tashi a Landan. Zaɓen wurin ba banza ba ne. Birmingham ta zamanin Sarauniya Biktoriya gari ne na maƙera da hayaƙin gawayi, ma'aikata suna cunkushe a gidajen da bayan wannan yake manne da bayan wancan, masu hali kuwa suka riƙa gudu zuwa kudu da yamma, inda iska take tasowa kafin ta kwashi hayaƙi. Gidan bayan gari na wancan zamani ba fadar basarake ba ce mai gandu da talakawa, ba kuma gidan cikin gari ba ne. Gida ne na sabon attajiri wanda yake son ya kwana cikin itatuwa ya kuma isa ofis da hantsi. A nan ya kafa ɗakunan gilashi na rainon furen da kullum yake maƙalawa a ƙirjin kwat ɗinsa, a nan yake tara 'yan siyasa a ci a sha a ƙulla, a nan kuma 'ya'yansa biyu, Austen da Neville, suka zauna, na biyun ya zama firayim minista a 1937.

Abin da ya hana ni cin shinkafa shi ne ɗaya gefen tarihin nasa. Shekarar da ya karɓi ma'aikatar mulkin mallaka ya kwatanta ƙasashen da ke hannun Birtaniya da gandun da aka bari ba a noma ba, wato dai ƙasarmu gona ce, mu kuma abin da aka tarar a cikinta. Shi ne ya ɗora wa Lugga, wato Frederick Lugard, a 1897 aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, domin a tare Faransawa a Borgu. A zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar 1898 da Faransa, wadda ta zama ɗaya daga cikin matakan shata iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta mai da ɗan'uwa baƙo a gidan ɗan'uwansa. A zamaninsa aka karɓe ragama daga hannun kamfanin Neja, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Gaskiya ce cewa lokacin da aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 shi yana rangadi a Afirka ta Kudu, aka ci Sakkwato a watan Maris yana dawowa gida ke nan, kuma ma'aikatarsa ta yi ƙorafin cewa Lugga bai sanar da ita da wuri ba. Amma wanda ya wasa wuƙa ya danƙa wa mahauci ba zai ce bai san da yanka ba. Yana kan kujerarsa aka tafi da Sarkin Kano Alu zaman gudun hijirar da ya ƙare a Lakwaja, yana kan kujerarsa Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yuli, bai ajiye muƙamin ba sai a watan Satumba.

To, da aka ce mini ana neman miliyoyin fam domin gyara wannan gida, abin da ya fara zo mini a rai shi ne, ina ruwana, ya rushe mana. Na daɗe ina juya maganar kafin na gane cewa wannan fushi ne, ba tunani ba. Ra'ayina a yau shi ne a gyara shi, a kuma kashe masa abin da ya kamata, ba don mai shi ya cancanci ƙauna ba, kuma ba don kyan sassaƙarsa kaɗai ba. Darajar tsohon gida irin darajar shaida ce a gaban alƙali. Ba a tambayar ko shaida yana da farin jini, abin da ake tambaya shi ne ko ya gani da idonsa. Highbury ya ga yadda ribar kusoshi ta zama mulkin gari, mulkin gari ya zama mulkin ƙasa, mulkin ƙasa ya miƙa hannu har bakin ganuwar Kano. Na karanta wannan tarihi a makaranta na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da na tsaya a ɗakin karatun mutumin, na ga faɗin tagarsa da koren lambun da yake kallo lokacin da yake tunanin makomar mutanen da bai taɓa ganin ƙasarsu ba. Gani ya kori ji. In aka rushe gidan, ba Chamberlain aka hukunta ba, shi ya riga ya tarar da abin da ya aikata. Jikokina aka hana wurin da za su tsaya su nuna da yatsa.

Sau da yawa mutanenmu da suka zo ƙasar nan sukan ce Turawa sun san darajar tarihinsu, mu ba mu sani ba, kamar abin a jini yake. Ban yarda da wannan ba, kuma tarihin wannan gida ma ya ƙaryata shi. Bayan mutuwar Chamberlain a 1914 iyalinsa ba su ci gaba da zama a ciki ba. An mai da shi asibitin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya zama gidan kula da tsofaffin mata, ɗakunan gilashin nan da ake ji da su kuwa aka kwashe su. A tsakiyar ƙarni na ashirin mutanen Ingila kunyar gine-ginen zamanin Biktoriya suke ji, suna ganinsu masu duhu, masu tarkacen ado, marasa dacewa da zamani, daidai yadda ɗan bokonmu yake kallon ɗakin ƙasa. A unguwar Harborne akwai wani gida da wannan mai tsara gine-ginen ya yi wa surukin Chamberlain, William Kenrick. An rushe shi a 1963, ɗaki ɗaya tak aka ɓamɓare aka kai gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Tsohon babban ɗakin karatun Birmingham ya bi sahu a 1974. A Landan an rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a farkon shekarun 1960 duk da kururuwar da aka yi, tashar St Pancras ma da ƙyar ta sha. Ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Biktoriya ba a kafa ta ba sai 1958, kuma a farko dariya ake yi wa mutanenta. Su ma sai da suka yi ɓarna mai yawa kafin hankalinsu ya dawo.

Abin da ya bambanta su da mu ba taushin zuciya ba ne, doka ce mai haƙora. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka fara rubuta gine-ginensu masu muhimmanci a rajista, kuma a yau rajistar Ingila kaɗai ta doshi dubu ɗari huɗu. An kasa su daraja uku: ta ɗaya, ta biyu mai tauraro, da ta biyu zalla, wadda ta kwashe fiye da kashi 90 cikin ɗari. Highbury yana daraja ta biyu mai tauraro. Da zarar gini ya shiga wannan rajista, ko naka ne halak malak, ba ka da ikon rushe shi ko sauya masa kama, wani lokaci ko taga ce, sai da izinin hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Ko kafin a kai ga rajista ma hukuma takan nuna ba wasa take ba: a 2015 wani kamfani ya rushe wata tsohuwar mashaya a unguwar Maida Vale ta Landan ba tare da izini ba, aka tilasta masa ya sake gina ta yadda take, aka buɗe ta a 2021. Mai dukiya a nan ya san cewa in ya aika katafila da daddare, safiya za ta yi masa tsada.

Duk da haka doka ba ta toshe yoyon rufi. Highbury kansa ya kai matsayin da aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi da ke cikin haɗari, aka kafa wata gidauniya mai zaman kanta a 2016 domin ta nemi kuɗin gyara, wani ɓangare daga asusun da ake cirewa daga cacar ƙasa, abin da ni a matsayina na Musulmi ba zan so a kwaikwaya a gida ba. Hukumar birnin Birmingham kuwa a watan Satumba na 2023 ta bayyana cewa asusunta ya kasa ɗaukar nauyin da ke kanta. Wani maƙwabcina Bature, direban bas ne, ya ce mini bai ga dalilin zuba kuɗi a gidan mataccen attajiri ba alhali ana rage wa masu rai hidima, kuma ban iya ce masa ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Abin da na ce masa shi ne, gidan ya rayu sama da shekara ɗari bayan mai shi ne domin ba a taɓa barinsa ba kowa: marasa lafiya sun kwanta a ciki, tsofaffi sun zauna, ana taro, ana ɗaura aure, Bafakistane da Bajamaike da Bahaushe suna cin abinci a zauren da kakanninsu ba za su shiga ba sai da tire a hannu. Gidan da ake shiga ana fita shi ne ake ganin tsagewar bangonsa da wuri.

A nan ne tunanina yake komawa gida. Kakana yana da soro a cikin birnin Kano, ba na sarauta ba, na ɗan kasuwa ne mai fataucin fata da baƙi wanda Allah ya buɗa wa, wato shi ma sabon attajiri ne na zamaninsa. Zauren farko murabba'i ne, kaurin bangonsa ya kai yaro ya kwanta a bakin taga ya yi barci, na kuma sha yi. Rufinsa daurin guga ne, bakan gizo biyu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an liƙa farantin tangaran a mahaɗarsu, tsakaninsu kuma azara ce ta giginya an jera ta kamar saƙar tabarma, ta yi baƙi sul saboda shekaru, gara ba ta taɓa iya mata ba. A waje akwai zankwaye a kusurwoyi, da dagi a saman ƙofa, da indararo masu tsawo da ke watsa ruwa nesa da gindin bango. A watan Afrilu, lokacin da rana take gasa mutum a titi, in ka shiga zauren nan sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a jiki. Kowace shekara kafin damina magina sukan zo, a jiƙa ƙasa a cakuɗa da ciyawa a tattake da ƙafa a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki, a tafasa makuba, a hau sama a yi yaɓe. Mu yara aikinmu miƙa curi da ɗebo ruwa, ladanmu ƙosai. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, fuskar tsohon maginin nan nake gani, wanda yake dukan bango da tafin hannu ya kasa kunne, ya ce nan akwai rami.

Kakana ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha tara. Aka yi shekaru gidan yana hannun kowa, wato ba ya hannun kowa. Wanda yake zaune a ciki ba shi da kuɗin yaɓe, wanda yake da kuɗin ya yi gidan siminti a bayan gari, ya ce ba zai gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. Damina uku aka tsallake, ta huɗu ta ci kusurwar gabas. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: dillalai suka fara sallama. Ina nan Birmingham aka kira ni aka ce an yi ciniki. Na buga wa ƙanen mahaifina waya, shi ne babba a lokacin, na ce, "Baffa, don girman Allah a bar ko zauren ne, ni zan ɗauki nauyin gyaransa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kai kana can inda ruwa ba ya yi maka zuba. Gwaggonka ta Fagge marayu biyar take riƙo, rabonta yana cikin zauren nan. In hana ta haƙƙinta domin ka zo hutu ka ɗauki hoto?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Ban sami abin ƙarawa ba. Yanzu shaguna ne a wurin, hawa biyu, ana sayar da kayan waya. Azarar kuwa an ce masu gasa burodi suka saya.

Na daɗe ina jin haushin Baffa, amma maganarsa gaskiya ce, kuma duk mai son a adana tsofaffin gidajenmu in bai fara da amsa wa Baffa ba, surutu yake yi. Gado haƙƙi ne da Allah ya raba da kansa, kuma ba za a ce wa gwauruwa ta haƙura da rabonta saboda tarihi ba. Sannan akwai bambanci na zahiri tsakanin gine-ginen biyu da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Jan bulo da aka gasa yana iya jure sakaci na shekara ashirin ya tsaya da ƙafarsa, ginin tubali kuwa kamar dabba yake, sai ana ciyar da shi kowace shekara. Wanda ya ga abin da ya faru a babban masallacin Zariya ya san wannan ba wasa ba ne. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana gine-gine na duniya suna zuwa kallon bakunansa, amma a watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Don haka gadon da yake cikin ginin ƙasa rabinsa ne kawai a bango, ɗaya rabin yana hannun magini. In sana'ar ta mutu, in ɗan Sarkin Magina ya koma tuƙa adaidaita sahu domin ba mai kiransa aiki, to ko an kafa wa gini allo an rubuta masa doka, ranar faɗuwarsa kawai ake jira.

Ba wai ba mu da komai a tsaye ba. Gidan Makama yana nan a matsayin gidan tarihi, Gidan Rumfa yana nan da mutanensa tun ƙarni na goma sha biyar, gidan Sardauna a Kaduna ya zama cibiyar bincike tun 1970, gidan Madaki a Kafin Madaki yana cikin abubuwan farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun kafin samun 'yancin kai, kuma tun 1979 akwai hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. A Nijar tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Amma in aka lura, kusan duk abin da ya tsira ko fada ce, ko masallaci, ko gidan shugaba. Gidan attajiri, gidan malami, gidan marini ko maƙeri, wato irin gidajen da ke nuna yadda gari ya rayu, ba su da rajista, ba su da mai tsaya musu. Mafi kusa da Highbury a wurinmu shi ne Gidan Dan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909: gida ne na bayan gari, na ma'aikacin mulkin mallaka, amma hannun maginan Kano ne ya tsai da shi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce a rushe shi don Bature ya kwana a ciki ba. Unguwar Nassarawa kanta jikar Moseley ce. Tunanin da ya fitar da Chamberlain daga hayaƙin Birmingham shi ne ya sa Turawan mulki suka keɓe wa kansu unguwa mai itatuwa, suka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa da sunan tsoron sauro. Waɗannan gidaje masu faffaɗar baranda yanzu ana bin su ɗaya bayan ɗaya ana rushewa, ana sare darbejiya da maɗacin da suka shekara tamanin, ana yanka filin gida ɗaya a fitar da goma. Ita ma badala, wadda aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, kowa ya ga yadda ake ɗibar ta ana gini a kanta, tsofaffin ƙofofi kuma an sake su da siminti domin mota ta wuce. Laifi tudu ne, kuma ni da na sa hannu a takardar cinikin soron kakana ba ni da bakin zagin kowa.

Akwai abu ɗaya a tarihin Highbury da ya fi doka ba ni sha'awa, domin muna da irinsa tun kafin su san shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗan mai gidan, Austen, bai sa shi a kasuwa an yanka fuloti ba. Ya miƙa shi ga amintattu, kuma a 1932 ya koma hannun hukumar birni a matsayin amana domin amfanin jama'ar gari. Hukumar ba mai shi ba ce, mai riƙo ce, shi ya sa ko da aljihunta ya bushe ba za ta sayar da shi kamar sauran kadarorinta ba. Wannan ai wakafi ne, ko hubusi kamar yadda malamanmu na Malikiyya suke cewa, kuma a Kano har hukuma gare shi tare da zakka. Mun saba yin wakafin masallaci da rijiya da maƙabarta, amma ban ga abin da ya hana mai gida tun yana da rai da lafiya ya tsai da zaurensa ya ce makarantar allo ce ko ɗakin karatu har abada, ya haɗa masa shago biyu da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan yaɓen shekara ba. Da kakana ya yi haka, da zauren bai shiga lissafin gado ba tun farko. In kuwa mai gida ya riga ya rasu, hanyar da ta rage ita ce a sayi rabon magada da farashin kasuwa, ba a roƙe su su yafe ba. Mu da muke waje muna tura kuɗi ana yi mana benaye a Kano da Kaduna da Maraɗi waɗanda ba ma kwana a ciki sai sati biyu a shekara; kuɗin tayil ɗin falo ɗaya daga cikinsu ya isa ya fanshi rabon gwaggo. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan katafila ta gama aikinta.

Wani malami abokina ya ja kunnena cewa girmama gine-gine ƙofa ce ta girmama matattu, kuma duniya ba wurin zama ba ce. Na karɓi nasiharsa a kan abin da ya shafi neman tabarruki da bango, amma Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ba a ganin ƙarshen kowa a filin da aka share. Ban san wa'azin da ya fi tsayawa a zauren mutumin da ya juya kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, ka tarar ana rabon biryani a inda yake karɓar ministoci ba. Abin da nake nema daga masu gyaran Highbury shi ne kada su mai da shaidan nan bebe. In za a ba da labarin ruwan famfo da jami'ar Birmingham da ya assasa a 1900, to a ba da na yaƙin Afirka ta Kudu, a ba da na yaƙin Asante a ƙasar Gana ta yau, a rubuta Kano da Sakkwato da Burmi a bango da haruffan da yaro zai iya karantawa. Na rubuta musu wasiƙa a kan haka, na sa 'yata ta gyara mini Turancin.

A gidan Gwaggo ta Fagge akwai wata tsohuwar shigifa ta ƙasa da ta rage, ba ta da daurin guga, ba ta da dagi, azara ce kawai a miƙe da zanko ɗaya da ya gutsure. Bana na sa aka nemo mini jikan tsohon maginin nan namu, aka same shi yana aikin lebura a wurin masu bulo. Ya je ya duba, ya daki bangon da tafin hannu, aka kara masa waya a kunne ya ce mini, "Alhaji, za ta yi, amma makuba yanzu sai an aika ƙauye, kuma sai an fara kafin ruwan farko." Mun yi ciniki, na tura rabin kuɗin, sauran sai ya sauko daga sama.